Awa Shida a Lissafin Baba

Zuwa ga Kwandasta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan mun gode Allah, ana ta lallaɓawa. Ɗinki ya yi ƙasa kwana biyu, keken nawa ma ya koyi tari irin na mai gidan.

Na ce irin na mai gidan don jikin Baba ya motsa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalminsa na fita ya ƙi shiga, kuma in ya taka daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango yana haki. Da ƙyar na kai shi asibiti, ka san halin mutumin naka. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba da ƙwayoyi, ya hana gishiri. Baba ya ce masa injin da ya yi shekara arba'in yana jan tirela ai dole ya yi hayaƙi. Likitan ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ba don in tayar maka da hankali na rubuto ba, aiko ni aka yi. Shekaranjiya Baba suka yi musu da mai kemis na bakin titi, wanda yake zuwa auna masa jini. Mai kemis ya ce garin da kake sai an wuni an kwana a jirgi. Baba ya ce yana da yaro a filin jirgi, shi zai raba gardama. To ga tambayoyinsa: kilomita nawa ne daga nan zuwa can, awa nawa jirgi yake yi, kuma yana tsayawa shan mai a hanya ko ba ya tsayawa. Ya ce ka ba shi amsa irin ta direbobi, ban da kame-kame.

Ka ga ni ce 'yarsa ta cikinsa, kai kuwa sai an yi tone-tone kafin a gano inda kakanka da kakansa suka haɗa uba. Amma tun ranar da ya sauko da kai daga gaban tirela bayan rasuwar mahaifinka, kana ɗan mitsitsi da majina, ya laƙa maka Kwandasta, na san an rage mini matsayi a gidan nan. Ni nake dafa masa, ni nake wanke masa, amma in ya buɗe baki sunanka ne. Ba komai, Allah yana gani.

Ka rubuto da wuri.

Yayarka,
Tela

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina Baba da jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki duƙa ki gaishe mini da shi. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwoyi, don aikinmu a durƙushe ake yinsa a cikin jirgi, can ƙasa inda ake jera akwatuna. Mutane suna zaune a sama suna shan sanyi, mu muna ƙarƙashin ƙafafunsu muna tura kayansu. Ɗakin da muke kwana mu huɗu yana jikin katangar filin, duk jirgin da ya tashi sai tagarmu ta yi rawa.

Ki gaya wa Baba ya ci gardama. Na je ofis na tambayi mai tsara tashin jirage, ya nuna mini a taswira. Kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai ne da 'yan kai, jirgi kuma yana yin awa shida, in iska tana tura shi ta baya ma ya rage wani abu. Ba ya tsayawa ko'ina, tankinsa a cikin fukafukai yake, a nan muke cika shi. Na san wannan zai yi wa Baba daɗi, shi da ba ya son tsaye-tsaye a hanya. Mai kemis kuwa ya tsaya a kan allurarsa.

Jirgin da yake zuwa wajenku da hannuna nake loda shi. Jakar wasiƙu ita nake sakawa a ƙarshe, kusa da ƙofa, don a fara sauke ta. Wannan takardar ma ni zan ɗora ta, saboda haka in ta makara ki san ba daga wajena ba ne.

Maganar kumburin ƙafar nan ta tsaya mini a rai, Yaya. Kamfani yana ba mu hutu sau ɗaya a shekara biyu, nawa kuma ya kusa. In kin ga ya kamata in karɓa yanzu, ki faɗa mini. Ki kwantar wa Baba da hankali, ki ce masa ban yi nisa ba. Duk ranar da kuka ce in zo, awa shida ce tsakaninmu.

Batun matsayi kuwa, ki yi haƙuri. Ke kin ƙi hawa tirela ne wai tana warin gas, ni kuwa na hau. Har yau in na rufe ido ina ganin rubutun da ke goshinta, Sannu Ba Ta Hana Zuwa, da jan fenti.

Ƙaninki,
Kwandasta

*

Zuwa ga Kwandasta,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso, mun ji lafiyarka, mun gode Allah. Ka riƙa ɗaure gwiwoyin da tsumma, kada ka tsufa kafin ka yi aure.

Da ka ga Baba ranar da na karanta masa. Ya sa aka kira mai kemis daga shagonsa musamman don ya ji da kunnensa. Daga nan ya kama lissafi da yatsu, ya ce da tirela mai kaya, in hanya ta yi kyau, sai ya fi mako bai isa inda kake ba, amma wai jirgi awa shida. Ya ce awa shida ai ba tafiya ba ce, shi da yake yin ta kafin ya tsaya cin abincin rana. Layin nan naka kuwa, na duk ranar da muka ce ka zo, ya sa na maimaita masa har na haddace. Yanzu duk wanda ya zo dubiya sai ya ji cewa Kwandasta in ya karya kumallo a can, la'asar a nan za ta yi masa.

Na yi masa maganar hutunka, ya ce sam. Ya ce hutun ɗaya ne tak, in ka zo yanzu ka tarar da shi zaune yana zuba, ka koma, ranar da ake buƙatarka da gaske me za ka karɓa? Na ce masa zuwa da wuri ba ya ɓaci. Sai ya dube ni ya ce, "Ke tela ce, ba ki san hanya ba. Direba ya san man da ya rage masa a tanki. In ya rage na awa shida da ɗan ƙari, ni zan ce a kira shi."

Zan gaya maka gaskiya tunda shi ba zai karanta ba. Jikin ba daɗi. Kumburin ya hau har gwiwa. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci, na jera masa matasai a bayansa. Abincin da na zuba masa da rana shi nake ɗaukewa da yamma. Na dawo da keken ɗinkin ƙofar ɗakinsa don in riƙa jin numfashinsa, in ya yi shiru sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ina jin tsoro, Kwandasta, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Abin da yake riƙe da ni shi ne awa shidan nan. Na ce a raina ko me ya faru da safe, kafin rana ta faɗi kana nan. Shi ya sa na ƙyale shi da lissafinsa. Lambar wayar kamfaninku da ke saman takardarka na kwafe ta na kai wa mai kemis, ya ce duk lokacin da ake so in zo in buga. Kai dai ka zauna da jakarka a ɗaure.

Yayarka,
Tela

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Allah ya sa takardar nan ta tarar da Baba da sauƙi. Taki ta yi kusan wata a hanya, jiya ta shigo hannuna. An ce jakar ce aka ɗora wa wani jirgin ta tafi wata ƙasa ta dawo. Irin kuskuren da mu masu lodi muke yi ne, sai ga shi ya faɗo a kaina.

Yaya, na karanta, na sake karantawa. Ba ku fahimce ni ba, ko kuma ni ne ban yi magana yadda ya kamata ba. Awa shidan nan daga tashin jirgi ne zuwa saukarsa. Baba ya tambayi tafiyar jirgi, na ba shi amsar tafiyar jirgi. Tawa tafiyar daban take.

Baba yana auna abin da tirelarsa, da take ƙofar gida da makulli a aljihunsa, in ya ga dama ya murza ya tafi. Ni jirgin ba nawa ba ne. Sau ɗaya yake zuwa wajenku a mako, ranar Alhamis. Kafin in hau sai na rubuta neman hutu, shugaban sashenmu ya sa hannu, a kai wa manaja. Fasfo ɗina ma ba ya hannuna, na dukkanmu yana cikin akwatin ƙarfe a ofishin manaja, shi kaɗai yake da makullin. Bayan wannan sai an sami kujera, kuma mu ma'aikata sai fasinjoji sun gama shiga ake duba ko ta rage. In na sauka ga layin duba takardu, ga motar da za ta kawo ni unguwarmu. In komai ya tafi daidai, mako guda ne ko fiye. Wani abokin kwananmu da mahaifiyarsa ta kwanta, sai da ya yi mako uku.

Layin nan da kika haddace don in sanyaya masa rai na rubuta shi. Ban zaci zai ɗauke shi ya yi lissafin numfashinsa da shi ba.

Don Allah kada ku jira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da safe na miƙa takardar neman hutu ba tare da na jira izininsa ba, in ya yi faɗa ya yi, na saba. Na gwada neman lambar mai kemis, amma ba ki rubuto mini ita ba, ni kuma ban san sunan shagon ba. Da kin sami wannan ki buga mini, kuma ki lallaɓa ki gyara wa Baba lissafin. Ki ce masa hanyar tana da shingaye da yawa, wannan zai gane.

Ƙaninki,
Kwandasta

*

Kwandasta,

Ban san ko in gaishe ka ba. Na gaishe ka.

Na dawo daga shagon mai kemis ke nan, kuma abin da ban iya faɗa a waya a gaban masu sayen magani ba zan faɗa a nan. Takardata ta ƙarshe ba ka amsa ba, na yi shiru na ce aiki ne. Jiya Litinin da safe Baba ya kira ni, ya ce in je in buga maka, lokaci ya yi. Ko mayafi ban yafa daidai ba na fita. Wanda ya ɗauka ya ce kana bakin aiki, zai ba ka saƙo da lambar.

Na dawo na gaya masa an buga. Ya sa na kawo ruwa na goge masa jiki, na sa masa farar rigarsa wadda na ɗinka masa bara. Ya sa aka juya kujerarsa ta fuskanci ƙofar gida, ya ɗaura agogonsa, da yake hannun ya rame sai da na huda sabon rami a madaurin. Ya ce in dafa abinci da kai. Ya ba ka awa ɗaya ta haɗa kaya, ya ɗora shida a kai, ya ce la'asar. La'asar ta yi, magariba ta yi, abincin ya huce a rufe.

Yau ka bugo kana gaya mini jirgi sai Alhamis, fasfo yana akwati, manaja ya yi tafiya da makulli. Wane manaja? Wace Alhamis? A takardarka babu manaja, babu Alhamis, babu akwati. Awa shida ka ce. Da ka ce mako ne, wallahi da tun ranar da kumburin ya kai gwiwa na buga, ko da zai daina yi mini magana. Ka ce ka rubuto bayani, to ni ban ga komai ba.

Da na shigo ya ɗago kai ya tambaye ni. Na dubi rigar, na dubi agogon. Na ce masa kana hanya. Ka sa na yi wa ubana ƙarya a kan kujerar da ba na jin zai tashi daga kanta.

Ka yi duk abin da za ka yi ka hau jirgin Alhamis.

Tela

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Allah ya sa yana nan.

Yau Alhamis, kuma kin riga kin ji daga bakin mai kemis cewa ban taho ba. Ina rubuta wannan a tsaye, a jikin motar da take jan akwatuna, don in samu in jefa ta a jaka kafin a rufe.

Tun Litinin ban zauna ba. Shugaban sashenmu ya sa hannu nan take, mutumin kirki ne, har da ce mini in ya kama ya ba ni nasa hutun. Kujera ma an samu. Amma manaja bai dawo ba, an buga masa ya ce sai Asabar. Mataimakinsa ya kai ni ofishin ya nuna mini akwatin, ya ce ko shi bai taɓa ganin cikinsa ba. Na tsaya ina kallonsa, bai kai tsayin keken ɗinkinki ba. Na roƙa a kira mai fasa makulli, aka ce ba a taɓa yi ba, kuma fasfo ɗin mutum sama da ɗari ne a ciki. Na yi magiya, na yi faɗa, a ƙarshe na yi kuka a gaban mutanen da ban taɓa yi wa ko murmushi ba.

Sun ce in huta yau, na ƙi. In na zauna a ɗaki tagar za ta gaya mini lokacin da jirgin ya tashi. Gara in zo. Ni na loda shi, Yaya, akwati bayan akwati, kowanne da sunan garinmu a rataye. Akwai wani da aka ɗaure da igiya irin ɗaurin da Baba ya koya mini, na daɗe riƙe da shi har na bayana ya taɓa ni.

Manaja zai dawo Asabar, ni kuma Alhamis mai zuwa ina cikin jirgin, in Allah ya so. Ki gaya wa Baba mota ce ta lalace a hanya, ana gyara. Ki ce ya ƙara mini haƙuri kaɗan, ya yi tsimin man.

An fara kiran a rufe ƙofa.

Ƙaninki,
Kwandasta

*

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa, da ta'aziyya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na ji muryarka jiya a waya, na san ba ka cin abinci. Ka ci.

Ba na sa wannan a gidan waya, na daina yarda da su. Mai kemis yana da ɗan'uwa da zai bi wani jirgin da yake zagayawa ta wata ƙasa ya sauka wajenku kafin Alhamis, ya ce zai kai ta har filin ya tambaye ka. Ina so ka karanta kafin ka taso, don akwai abin da ba zan iya faɗa ina kallon fuskarka ba.

Takardarka mai bayanin Alhamis da akwati ta iso washegarin rasuwar, muna zaune ana karɓar gaisuwa. Na shiga ɗaki na karanta. Na ga tun kafin in buga ka nemi hutun. Maganganun da na rubuta maka ranar Talata, in sun iso ka yaga. Ni ma ina da baki, ban taɓa tambayarka ko jirgin kullum yake tashi ba. Lissafin ya yi mini daɗi ne, na riƙe shi.

Baba ya ce man awa shida ya rage masa, amma ya ja har Asabar da hantsi. Likita da ya zo ranar Laraba ya fita yana girgiza kai, ya ce bai san da me yake numfashi ba. Ni na sani. Bai yarda a cire masa farar rigar ba, bai yarda a juya kujerar ba.

Kuma bai taɓa yin fushi da kai ba, wannan nake so ka sani. Kullum shi yake kawo maka uzuri. Ranar Talata ya ce taya ce. Ranar Laraba ya ce ruwa ne ya cinye gada, an zagaya. Da mai kemis ya buɗe baki zai yi masa bayanin jirage, ya ɗaga masa hannu, ya ce babu direban da ya taɓa isa a lokacin da ya faɗa, mai jira ne yake da agogo. Ranar Alhamis da yamma jirgi ya wuce ta saman unguwa, ya ɗaga kai ya bi ƙarar har ta ɓace, ya ce in ɗumama abincin. Na ɗumama. Ranar Juma'a bai tambaya ba. Ina jin ya gane, amma ya bar ni da ƙaryata, ni ma na bar shi da tasa.

Ranar Asabar da safe ya kwance agogon da kansa, ya sa mini a hannu, ya ce naka ne. Na matsa kusa don muryar ta yi ƙasa ƙwarai. Na zaci zai tambayi inda kake. Sai ya ce, "In Kwandasta ya sake bugowa, ki ce masa kada ya yi gudu don ni. Ya taho a hankali."

Daga nan bai ƙara magana ba.

To ka ji saƙo, na sauke. Ɗakinka na share, kujerar na mayar da ita jikin bango. Agogon yana cikin aljihun keken ɗinki, ina murza shi kullum da safe don kada ya tsaya, kamar yadda Baba yake yi. In fasfo ya fito ka taho Alhamis, in bai fito ba ka taho ta gaba. Kada ka yi wa kowa kuka a ofis kuma. Ka taho a hankali, yanzu babu mai kallon ƙofa.

Yayarka,
Tela